An Ɗora Ruwa: Tsokaci a Kan Gidan da Ba Famfon Ruwan Zafi

A mafi yawan gidajen ƙasar Hausa, birni da ƙauye, ruwan zafi ba ya zuwa ta hanyar murɗa kan famfo. Haɗa shi ake yi kamar yadda ake haɗa abinci. Sai an ɗebo ruwa daga rijiya ko an saya wajen 'yan garuwa, an nemo itace ko gawayi, an hura wuta, an ɗora tukunya, an zauna jira, sannan a juye a bokiti a surka a kai banɗaki. A lokacin bazara babu wanda ya damu da wannan hidima, domin ruwan da ya wuni a jarka shi kansa neman a sanyaya shi yake yi. Amma da zarar iskar hunturu ta kaɗo, daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, sai lamarin ya zama aikin kowace safiya. A Kano, zafin gari yakan sauka zuwa wajen digiri 13 a ma'aunin Salsiyas da asuba a watan Janairu, a Jos kuwa wani lokaci yakan gangara ƙasa da 10. Ruwan da ya kwana a randa a irin wannan dare, ko babba sai ya yi ta maza kafin ya zuba shi a jikinsa, balle yaro ɗan shekara 6.

Ra'ayin da wannan muƙala take son kafawa shi ne, rashin famfon ruwan zafi a gida ba abin kunya ba ne, kuma ba shi zai hana gida tsafta ba. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne tsadar da ake biya kafin ruwan ya yi zafi, da kuma waɗanda suke biyan wannan tsada ba tare da an lura da su ba. Malamin firamare yana cikin mutanen da ya wajaba su san wannan, saboda sakamakon abin yana iske shi a filin taron safe kowace Litinin.

Harshe kansa shaida ne a kan daɗewar Bahaushe da wannan aiki. Bahaushe ya bambanta sanyi da ɗari, domin ɗari shi ne busasshen sanyin hunturu mai fasa leɓe da dunduniya. Ya bambanta ruwan ɗumi da ruwan zafi, ya san wanda ya tafasa da wanda yake ɓararraka. Yana da kalmar surki, wato ƙara ruwan sanyi a kan na zafi har jiki ya iya ɗauka, yakan kuma ce a kashe wa ruwa sanyi idan ɗan ɗumi kawai ake nema. Sai dai akwai wata ƙaramar kalma da ta fi waɗannan duka bayyana halin da ake ciki, ita ce "an". Yaro yakan rusuna ya ce, "Baba, an kai ruwa." Matar gida takan ce, "Malam, an surka." Ɗalibin nahawu ya san aikin wannan kalma: tana tabbatar da cewa aiki ya auku, amma tana sakaya wanda ya yi shi. Ladabi ne ya kawo wannan salon magana, ladabi kuwa abu ne mai kyau. Amma idan mutum ya shekara 20 yana jin "an kai ruwa", yakan manta cewa wani ne ya kai.

Wannan "wani" kuwa kusan kullum mace ce. Ko dai matar da take da girki, ko kuma, a gida mai 'ya'ya da yawa, yarinyar da ta fara tasawa. Ita take tashi tun kiran sallar farko, ta yi ta fama da iskar da ke kashe ashana tana karkatar da harshen wuta, har ta samu ta ɗora tukunya. Tukunya ɗaya ba ta isar gida, don haka bi da bi ake yi, kuma jerin sananne ne: maigida, sai samari, sai ƙananan da za a yi wa wanka, daga ƙarshe ita mai hura wutar, idan ruwa ya rage kuma lokaci ya rage. A kan murhun nan dai za a dama koko ko a ɗumama tuwo. Idan irin wannan yarinya ta iso makaranta ƙarfe takwas da rabi tana warin hayaƙi, idanunta jajur, to ta riga ta yi aikin awa 2 kafin ta ga allo. Malamin da ya tare ta da bulala a bakin ƙofa ya hukunta ta ne a kan wankan da wasu suka yi.

Yana da kyau a yi lissafi, domin abin da ba a ƙirga ba akan ɗauke shi kamar kyauta ne. A ɗauki bokiti mai cin lita 20. Idan ruwan ya kwana ya sauka zuwa digiri 15, ana kuma son ya kai digiri 40, wanda shi ne ɗumin da jiki yake jin daɗinsa, to sai an tafasa kimanin lita 6 an haɗa da lita 14 na sanyi. Murhun gargajiya mai duwatsu uku maɓarnaci ne ƙwarai: kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai na zafin itacen yake shiga tukunya, saura iska ce take kwashewa. Da wannan ƙiyasi, bokiti ɗaya yana cin wajen kilo 1 na busasshen itace. Gida mai mutum 8 zai ƙona kusan kilo 8 kowace safiya, wato fiye da kilo 700 a watanni 3 na ɗari, kuma wannan na wanka ne kawai, ba a sa na girki ba. Ko da an rage wani abu saboda yara ba sa cinye bokiti guda, abin da ya saura ba kaɗan ba ne. Duk wanda ya ga manyan motoci suna shigowa Kano ko Katsina ko Maraɗi shaƙare da itace daga dazuzzuka masu nisa, ya san daga inda wannan zafi yake fitowa.

Mai karatu zai iya cewa ai akwai risho da gas da lantarki. Akwai su, amma ga wa? Gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin kananzir a 2016, tun daga nan risho ya fara komawa ƙarƙashin gado a gidaje da dama. Janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga kuɗin dakon kowane irin makamashi, har da itacen. A Afrilun 2024 an ƙara kuɗin lantarki ga unguwannin rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit. Bankin Duniya kuwa ya ƙiyasta a 2021 cewa mutum miliyan 85 a Nijeriya ba su da layin lantarki gaba ɗaya. Bugu da ƙari, famfon ruwan zafi yana bukatar ruwa mai gudu a bututu tukuna. Birnin Kano ya sami ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma har yanzu unguwanni masu yawa da kurar 'yan garuwa suka dogara. Wanda yake sayen ruwan sanyi jarka-jarka, maganar hitar bango a wurinsa tatsuniya ce.

Bai kamata wannan ya sa kowa ya sunkuyar da kai ba. Ruwan zafi a famfo baƙo ne ko a ƙasashen da aka ƙirƙiro shi. A 1868 ne wani Bature mai suna Benjamin Maughan ya ƙera na'urar ɗumama ruwa mai aiki da gas a Landan, sannan Edwin Ruud ya fito da mai tanki mai kunna kanta a Amurka a 1889. Duk da haka, ƙidayar Amurka ta 1940 ta nuna kusan rabin gidajen ƙasar ba su da cikakkun kayan famfo, ƙidayar Ingila ta 1951 kuma ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidaje ba su da kafaffen bahon wanka. Kakannin Turawan yau da yawa a gaban murhu suke wanka cikin bahon kwano, sau ɗaya a mako, kuma a can ma mata ne suke ɗora ruwan.

Tsadar da ta fi ta kuɗi ita ce ta lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin makamashi a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya, ta hanyar cututtukan huhu da na zuciya da shanyewar ɓarin jiki, fiye da 237,000 daga cikinsu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mai goyon da take sunkuye a kan murhu, ita da abin goyonta suke shaƙa tare. A hunturu abin yakan ƙara muni, domin ɗari yakan sa a ja kurfoti zuwa cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga, da nufin a ɗumama ruwa a kuma sha ɗumi. Garwashin gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Mutum yakan ji ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, daga nan ya zarce.

Sai kuma ƙuna. Tsakanin murhu da banɗaki akwai tafiya, kuma a cikin wannan 'yar tafiya ce yawancin haɗarin yake: tukunya mai tafasa a hannun yarinya, tsakar gida kuma cike da yara masu rarrafe. Akwai kuma bokitin da aka juye wa ruwan zafi aka bar shi a buɗe aka tafi ɗebo na surki. Ruwan da ya kai digiri 60 yana iya yi wa babba ƙuna mai zurfi cikin daƙiƙa 5 ko kusa da haka, fatar yaro kuwa ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba. Dabara ɗaya wadda ba ta cin ko sisin kwabo tana rage wannan haɗari: a fara zuba ruwan sanyi a bokiti, sannan a zuba na zafi a kansa. Yawancin gidaje akasin haka suka saba, ma'anar kalmar surki ma ta nuna haka, to a nan ya kamata sabo ya juya. Idan kuma tsautsayi ya auku, abin yi shi ne a yi ta kwarara ruwan sanyi mai tsabta a wurin har tsawon minti 20, a cire tufa ko zoben da bai manne da fata ba, a lulluɓe da ƙyalle mai tsabta, a nufi asibiti. Ɗanyen ƙwai da man goge haƙori da gishiri da manja da ake shafawa ba sa warkar da komai, gurɓata ciwon suke yi su ƙara wa likita aiki.

Game da 'yar hitar nan da ake tsomawa a bokiti, magana kaɗan ta isa. Ruwa da lantarki ba sa ga-maciji. Wanda ya tsoma hannu don ya ji ko ruwa ya yi zafi alhali tana jone, da wanda ya bar ta a soket aka ɗauke wuta aka dawo da ita ba kowa a ɗaki, sun sayi ajali ko gobara da kuɗinsu. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun san wannan labari.

Abin lura shi ne, al'adar Bahaushe ta san darajar ruwan zafi sarai, ta kuma san yadda ake raba nauyinsa idan ta ga dama. Wankan jego ya isa misali. Tun ciki yana wata 7 ko 8 miji yake fara tara itace, kuma namijin da matarsa ta haihu bai tanadi itacen wanka ba ya sha kunya a wurin surukai. Akan kafa babbar tukunya ko rabin duro, a sa ganyen darbejiya ko na tsamiya, ungozoma ko wata dattijuwa ta tsaya a kan aikin safe da yamma har kwana 40. Mai jego ba ita take hura wutar ba. Wato a nan an yarda cewa ruwan zafi kuɗi ne da aiki, an kuma bayyana wanda zai biya da wanda zai yi. Likitoci sun daɗe suna nazarin wannan al'ada. A shekarun 1970, Davidson da Parry na Jami'ar Ahmadu Bello sun bayyana yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da ya biyo baya, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, ya fi karkata ga talauci da rama da hawan jini lokacin ciki. Ko wanne aka ɗauka, ruwan da yake saɓule fata ba ya ƙara wa mai jego lafiya. Abin da ya dace a ara daga wankan jego shi ne tsarinsa. Idan maigida zai iya tanadin itacen kwana 40 tun kafin haihuwa, me zai hana shi tanadin makamashin ɗari tun kaka, ya kuma sa samarin gidan cikin jerin masu hura wuta? Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai masu ganin duk wannan shagwaɓa ce. Sukan ce ruwan sanyi yana ƙarfafa jiki, kakanni a rafi suke wanka, yaron da aka saba masa da ruwan ɗumi kuma rago zai tashi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ga saurayi lafiyayye, domin wankan ruwan sanyi ba zai yi masa komai ba, sabulu kuma yana fitar da dauɗa ko da ruwan ba ɗumi. Amma jariri da tsoho da marar lafiya jikinsu ba ya riƙe zafi kamar na saurayi, jariri musamman yana saurin yin sanyi har ya kai ga haɗari. Galibi kuma masu wannan magana su ne waɗanda ake fara kai wa ruwa. Shari'a ma ba ta ɗauki cutarwar ruwa da wasa ba, domin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure sun halatta taimama ga wanda yake tsoron ruwa zai jawo masa cuta ko ya ƙara masa wadda yake da ita. A aikace kuma, yaron da aka tilasta wa ruwan randa da asuba gwanin dabara yake zama: ya shiga banɗaki ya watsa ruwan a bango, ya jiƙa fuska da ƙafafu, ya fito yana karkarwa kamar gaske.

Daga nan ne maganar take shiga aji. Duba tsafta tsohuwar al'ada ce a makarantun firamare, ana duba farce da haƙora da wuya da bayan kunne, kuma al'ada ce mai amfani. Sai dai a watan Janairu malami zai ga yara sun yi furu-furu, ga kaushi ga faso, wuyan riga ya yi baƙi. Ya kamata ya san cewa abin da yake gani rahoto ne a kan murhun gidansu. Haka kuma ya san cewa ƙazuwa da makero ba rashin wanka kaɗai yake kawo su ba. Ƙazuwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da yake shiga fata, makero kuma dangin funfuna ne, dukansu ta hanyar cuɗanya da haɗa tufafi da shimfiɗa suke yaɗuwa, makero har da askar aski, kuma magani suke bukata. Fito da yaro gaban 'yan'uwansa a kira shi ƙazami ba ya ƙara ko icce ɗaya a murhun gidansu. Abin da yakan haifar shi ne fashin ranar Litinin.

Mafita mafi kusa tana bisa kai. Ƙasar Hausa tana cikin yankunan da suka fi samun hasken rana, kuma ko a tsakiyar hunturu, idan rana ta take, zafin gari yakan kai wajen digiri 30. Baƙar jarka ko baƙin baho da aka rufe aka ajiye a rana tun hantsi, kafin la'asar ruwansa ya yi ɗumin da za a yi wa yara wanka ba tare da an ƙona ko tsinke ba. Abin da ake bukata shi ne sauya lokaci: wankan soso da sabulu ya koma bayan an taso daga makaranta, da safe kuma a wadatu da butar ruwan ɗumi don alwala da wanke fuska da hannu da ƙafa. Babu wata doka, ta addini ko ta likita, da ta ce wankan yaro sai da asuba. A kiyaye dai kada a yi amfani da jarkar da aka taɓa zuba wa fetur ko maganin ƙwari. Ranar da hazo ya rufe rana kuma sai a koma murhu, amma a rufe tukunya da murfi, a kare wutar daga iska. Maƙeran Nijar sun daɗe da wani murhun ƙarfe da aka fito da shi a shekarun 1980 mai suna Mai Sauƙi, wanda yake tattara wuta a gindin tukunya ya rage cin itace.

Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya kuma hukuma ce za ta ɗauka. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta daɗe tana ƙera na'urorin ɗumama ruwa da hasken rana da ingantattun murahu, don haka ilimin yana nan a gida. Ƙasar Isra'ila ta kafa doka a 1980 cewa sababbin gidajen zama su sa irin wannan na'ura a kan rufi, har ta kai mafi yawan gidajen ƙasar da rana suke ɗumama ruwa. Ba lallai ne a fara da gidajen jama'a a nan ba. Ɗakunan haihuwa da makarantun kwana da tsangayun almajirai, inda mutane da yawa suke bukatar ruwa a wuri ɗaya kuma babu uwar da za ta ɗora musu, su suka fi cancanta. Masu gidajen wanka a tashoshi da kasuwanni sun riga sun gano cewa wuta ɗaya ga mutum 50 ta fi wuta 50 araha, shi ya sa suke iya sayar da bokitin ruwan zafi su ci riba.

Malami ba shi da ikon kafa doka, amma yana da aji. Zai iya kawo jarka biyu masu girma ɗaya, ɗaya baƙa ɗaya fara, a cika su daga rijiya ɗaya da safe a ajiye a filin makaranta, lokacin tashi kowane yaro ya tsoma yatsa ya faɗi wadda ta fi ɗumi, a kuma tambaye shi dalili. A darasin Hausa kuwa zai iya ba da jigon insha'i a kan yadda ake samun ruwan wanka a gidansu, bisa sharaɗi ɗaya: kada kowa ya yi amfani da kalmar "an". Duk aikin da aka ambata, daga ɗebo ruwa har zuwa kai bokiti banɗaki, sai ɗalibi ya rubuta wanda ya yi shi da kuma ƙarfe nawa ya tashi.